Rina Rigar Sata Ba Ya Mai da Ita Taka

Ɗalibin ilimin harshe ya san cewa da wuya a sami kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya tak. Wannan darasi na shekarar farko shi ne ya tona asirin wata irin sata a mujallun kimiyya, har da na likitanci.

A shekarar 2021, Guillaume Cabanac na jami'ar Tuluz a Faransa, tare da Cyril Labbé da Alexander Magazinov, sun bayyana wasu baƙin jimloli da suka tsinta cikin maƙalun da aka riga aka buga. Inda likita zai rubuta "kidney failure", wato gazawar ƙoda, sai ga "kidney disappointment", kamar ƙodar ce ta ji takaici. Sankarar mama kuwa ta koma "bosom peril", wani abu mai kama da haɗarin ƙirji. Dalilin a fili yake: mutum ya kwashi rubutun wani, ya zuba shi cikin manhajar da ke musanya kalmomi da takwarorinsu, domin ya kuɓuce wa manhajar da ke gano satar rubutu. Ɓarawo ne ya kai rigar sata marina, amma ɗinkin yana nan.

Wani zai ce ai wannan rikici ne tsakanin marubuta, mene ne ruwan majinyaci? Ruwansa babba ne. Likita ba ya yanke hukunci a kan magani daga bincike ɗaya. Ana tattara binciken da aka buga, a haɗa alƙalumansu, sannan a fitar da matsaya. Idan aka maimaita sakamako ɗaya a maƙalu biyu ba tare da an faɗa ba, an ƙirga majinyata ɗaya sau biyu. A 1997 Martin Tramèr da abokan aikinsa sun nuna haka a mujallar BMJ game da ondansetron, maganin hana amai bayan tiyata: maimaita bayanai a ɓoye ya sa aka zuzuta ƙarfin maganin da kashi 23 cikin ɗari. Wanda ke kwance a gadon asibiti shi ne mai biyan wannan bashi.

Matsalar kuma ta wuce mutum ɗaya. A 2023 an janye maƙalun bincike sama da 10,000, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi, bayan da ta bayyana cewa masu sayar da maƙalun jabu sun kutsa cikinsu. Muddin ƙarin girma a jami'a ya dogara ga yawan abin da malami ya buga, ba a duba ingancinsa, wannan kasuwa ba za ta watse ba.

Ina sane da uzurin da ake kawowa, kuma ba na raina shi. Mai bincike da ke tunani da Hausa ko Zabarmanci, ya yi karatu da Faransanci, sannan a ce ya buga da Ingilishi, yana ɗauke da kaya biyu. Jimlar wani da ta tsaru tana da jan hankali. Sai dai maganin wannan wahala shi ne koyar da rubutun ilimi da samar da masu gyaran harshe, aikin da ya dace da mu ƴan sashen harsuna. Jimla mai ɗingishi wadda ke ɗauke da sakamakon gaskiya ta fi jimla mai sheƙi da aka sato.

A ganina, gyara yana farawa ne tun daga kundin kammala karatu. Ɗalibin da ya saba sauya kalmomi uku a sakin layin wani ya kira shi nasa, gobe shi ne malamin da zai tantance aikin wasu. Malamai su zauna da mu su nuna yadda ake ambaton madogara tun kafin ranar kare kundi, mu kuma mu riƙa rufe littafin kafin mu rubuta abin da muka fahimta, sannan mu faɗi inda muka samo shi. Hausawa sun daɗe da cewa kayan aro ba ya rufe katara.