Wasiƙa daga Makka: Aziziyya da mota

Yau ina so in amsa tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku: in mutum ya kama masauki a Aziziyya, ya ɗauki hayar mota ko ya haƙura?

Ra'ayina shi ne, mota tana da amfani a cikin unguwa, amma kada kowa ya yi tunanin ita za ta kai shi Harami. Ga dalili.

Aziziyya tana tsakanin Harami da Mina. A taswira sai ka ga kamar ka taka da ƙafa, alhali duwatsu ne suka raba, hanyoyin mota sai sun ratsa ramukan da aka huda a cikin dutse. Ita kanta unguwar don mota aka yi ta: tituna masu faɗi, shaguna a jere ba iyaka, kuma wani lokacin sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wurin juyawa zuwa ɗaya hannun. Ga zafi. A Yunin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Harami. Wanda ya zo da tsohuwa ko yara, kada ya ce za su taka zuwa kantin magani da azahar. A nan kam mota rahama ce, kuma mai ba tsada: litar mai lamba 91 an tsayar da ita kan riyal 2.18 a 2021, ko da yake tsofaffin mazauna har yau suna kukan zamanin da take halala 45, kafin 2016.

Matsalar tana farawa ne da zarar ka juya kan motar zuwa Harami. Kafin sallah akan rufe hanyoyin da ke kusa, wurin ajiye mota kuwa sai mai rabo. A goman ƙarshe na azumi, tafiyar minti 10 tana iya cinye awa guda, ka ji an tayar da sallah kana riƙe da sitiyari. Masu tasi su ma sun san lokacin kasuwarsu, kuɗin da ka biya da safe ba shi za ka biya bayan tarawihi ba. Ku riƙa yin ciniki kafin ku shiga, ko ku kira Uber ko Careem ku ga farashi a waya.

Abin da mutanen gari ke yi shi ne su ajiye mota a Mahbas al-Jinn ko Kudai, su hau bas. Tun 2022 aka fara bas-bas na birnin Makka, aka kuma sa musu kuɗi riyal 4 a ƙarshen 2023. Akwai sanyi a ciki, akwai turereniya a lokacin cunkoso, amma za ka isa. Jirgin ƙasan Masha'ir da aka buɗe a 2010 kada ku sa shi a lissafi, a kwanakin Hajji kawai yake aiki.

Ga masu cewa ai sun iya tuƙi a Kano, don haka ko'ina za su iya: a Kano da mutum kake magana, a nan kyamarar Sahir ce, ba ta jin “yi haƙuri ranka ya daɗe”. Tara sai dai ka gan ta a waya.

Saboda haka in da dattijo a tafiyarku, ku ƙara kuɗi ku sauka kusa da Harami, ko a Misfala inda mutanenmu suka saba. In kuwa aljihu ya ce Aziziyya, ku tambayi mai otal tun kafin ku biya: akwai bas ɗin otal, kuma a ina yake sauke mutane?

A gaida mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba.