Wasiƙa ga Masu Girkin Cikin Ganuwa, Kafin a Sayi Tukunyar Dahuwar Sannu

Iyayenmu da yayyenmu mata na birnin Kano, uwayen gida da amare, da ku masu abincin sayarwa, tun daga Yakasai har Mandawari, daga gindin Dala har Ƙofar Na'isa.

Akwai wata tukunya da ta fara shiga jerin kayan kicin ɗin amare, kuma masu koyar da girki a waya suna yawan nuna ta. Tangaran ce mai kauri, tana zaune cikin gidan ƙarfe mai igiyar wuta. Da safe a zuba nama da kayan miya, a rufe, a jona, ta yi ta dahuwa a hankali awa shida zuwa takwas ba tare da ta kai ga ɓararraka ba, da yamma a tarar nama ya yi luguf. Ko ta cancanci kuɗinta a girkin yau da kullum na gidan cikin birni? A ganina, a mafi yawan gidajenmu ba ta cancanta ba. Amma hikimar da ke cikinta abin riƙewa ce hannu bibbiyu, kuma ana samunta ba sai an sayi tukunyar ba.

Sanin asalinta zai taimaka mana. Wani mutumin Amurka, Irving Naxon, ya yi rajistar ƙirarta a 1940. Daga mahaifiyarsa ya ji yadda Yahudawan Lituwaniya, waɗanda ba sa hura wuta ranar Asabar, suke kai tukunyar wake da nama tandun mai burodi da yammacin Juma'a, ta kwana tana dahuwa da sauran zafin da ya rage. A 1971 kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da sunan Crock-Pot, a daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aikin ofis, sai ta karɓu. To, ku dubi gidan da aka ƙera ta dominsa: mutum uku ko huɗu ne, da rana babu kowa a ciki, kuma wuta ba ta ɗaukewa. Gidan cikin birni kuwa da wuya ya rasa mutum da rana, tukunyarsa babba ce, wutarsa kuma kowa ya san halinta.

Ba zan zalunci tukunyar ba, ba ta da shan wuta. Yawancinsu wat 200 ne ko kusa da haka, wato a awa takwas ba ta kai yunit biyu ba. Ko a farashin naira 225 kowane yunit da hukumar lantarki ta NERC ta sanya wa rukunin farko na masu amfani da wuta, Band A, a Afrilun 2024, girkin yini guda bai kai naira 400 ba, abin da ba zai sayi itacen da zai dafa ƙafar saniya ba. Matsalar tana wajen ɗorewar wutar. Rukunin farkon ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, na ƙasa suna sauka zuwa 16, 12, 8, har 4, kuma ko an cika alkawarin babu wanda ya ce awannin za su zo a jere. Sauran kayan wuta suna jure wannan: injin markaɗe minti biyar yake bukata, firiji yana riƙe sanyinsa na wani lokaci. Ita kuwa wannan tukunya duk aikinta ya rataya ne a kan kada wuta ta yanke. Ko ba ta yanke ba, idan ta zo ba ƙarfi zafin yana faɗuwa fiye da yadda ake zato, don wutar da ta sauko daga bolt 230 zuwa 180 tana rage zafin da kusan kashi biyu cikin biyar. Ba mu kuma manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne lafiya. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60, wato a abinci mai ɗumi-ɗumi. Ɗanyen nama ne ake sa wa wannan tukunya, ita kuma a hankali take ɗaukar zafi. Idan aka ɗauke wuta da hantsi, naman bai dahu ba, ba a dawo da ita ba sai bayan azahar, to ya yi awanni cikin ruwan ɗumi a rufe, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Wuta ta dawo, tukunya ta ƙarasa aikinta, ƙamshi ya cika tsakar gida, babu alamar komai. Amma wasu ƙwayoyin suna barin dafi wanda dahuwa ba ta kashewa. Shi ya sa hukumar noma ta Amurka kanta take ba da shawarar a zubar da abincin idan wuta ta yanke mai girki ba ta nan, ko da ya yi kamar ya dahu. Wace uwargida ce za ta iya zubar da naman cefane a wannan tsadar? Ba za ta zubar ba, yara za su ci.

Mu ɗauka ma wutar ta zauna daram. Me za ta dafa mana? Girkinmu na kullum girkin hannu ne. Tuwo yana son ruwa ya tafasa sosai, a yi talge, a bar shi ya dahu, a zuba gari, a kama muciya a tuƙa har gudaji su mutu, sannan a rufe ya sulala. Miyar kuka sai an barbaɗa ana kaɗawa da maburgi, in ba haka ba ta yi ƙulalai. Dambu yana son tururi mai ƙarfi daga ƙasan madambaci. Ɗanwake sai ruwa yana ɓararraka ake jefa shi, ya nutse ya taso. Waina tanda take so, ƙosai mai mai zafi, jar miya kuma ba ta daɗi sai an soya kayanta har tsamin tumatir ya fita mai ya taso. A cikin waɗannan duka babu ko ɗaya da tukunyar dahuwar sannu za ta iya. Inda take da gwaninta shi ne ragadada, ganda, kan rago, farfesun kayan ciki, wake da alkama, don jijiya da fata zafi mai tsawo ne ke narka su su zama romo mai danƙo. Amma ban da wake, waɗannan abincin marmari ne, na Sallah da suna da ranar baƙi. Ga girma kuma: manyansu lita shida ne ko ɗan fiye, ba za su ɗauki miyar gidan mutum goma sha biyar ba, balle ta mai sayarwa a bakin kasuwar Kurmi ko Rimi. Ƙarshenta a jera ta cikin kabet tare da sauran kayan da ake goge wa ƙura.

Hikimar da na ce a riƙe ita ce wannan: abinci ba ya bukatar harshen wuta a ƙarƙashinsa kafin ya dahu, zafi yake bukata ya zauna a jikinsa. Ku kun san haka tun kafin a ƙera tukunyar. Idan shinkafa ta tsotse ruwa kuna janye itace ku bar ta a kan rushi ta turara. Tukunyar ƙasa tana ci gaba da motsi bayan an sauke ta. Kula ma, wadda babu ɗakin amaryar da ba ta ciki, aikinta ke nan, tsare zafi. Abin da ya rage shi ne a tsare zafin tun abinci bai gama dahuwa ba. A samu kwando ko kwali mai zurfi, a shimfiɗa masa tsohon bargo, ko auduga, ko ƙaiƙayi da aka ɗinke cikin matashi, kauri kamar tafin hannu ta ƙasa da gefe. A tafasa jiƙaƙƙen wake sosai na minti 15 zuwa 20, a sauke shi da murfinsa yana ɓararraka, a dasa cikin kwandon, a danne da wani matashin ta sama. Bayan awa uku zuwa huɗu ya yi laushi, bai kama ba, bai ƙone ba, ba sai an cika masa kanwa ba. Shinkafa minti biyar na tafasa ya ishe ta, sai kamar awa guda a rufe. Nama mai tauri a ba shi rabin awa a wuta, sannan awa huɗu a kwando. Turawa sun yi amfani da akwatin ciyawa irin wannan a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu lokacin ƙarancin makamashi. A Afirka ta Kudu an mai da shi sana'a tun 2008 da jakar Wonderbag, wadda ɗaukewar wuta ce ta haife ta. Murhun Save80 da aka yaɗa a Arewacin Najeriya shi ma da akwatinsa na tsare zafi yake zuwa.

Za a ce, mace mai aiki fa, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya a Asibitin Murtala, wadda ke fita da safe ta dawo a gajiye? Ita ce ta fi kowa bukatar girkin da zai yi kansa, kuma ita ce tukunyar lantarki ta fi yi wa haɗari, don ba ta nan balle ta san an ɗauke wuta. Kwando kuwa abinci ya riga ya tafasa kafin ya shiga, ɗanyen nama bai taɓa zama cikin ruwan ɗumi ba. Za a ce akwai sola. Gaskiya ne, gidan da ke da sola da inbata mai ƙarfi, mutanensa kaɗan, kuma suna cin wake da farfesu a kai a kai, wannan tukunya za ta yi masa amfani, musamman da rana tsaka, kuma ban hana shi saye ba. Sai dai a duba ƙasanta kafin a biya, musamman ta gwanjo, don wadda ta fito daga Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu za ta ƙone ta. Za a kuma ce hayaƙi: itace da gawayi suna cin ƙirji da idon mai girki, lantarki kuwa ba ya yi. Wannan hujja ce mai nauyi, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan uku a shekara. Amma tukunyar da ba ta tuƙa tuwo ba za ta kashe murhu ba. Waken da ake yi wa awa ɗaya da rabi a wuta, idan kwando ya mayar da shi minti 20, an rage hayaƙin, an rage kuɗin gas ko gawayi, a ranar da akwai wuta da ranar da babu.

Kwandon ma yana da sharuɗɗansa, kuma ina roƙonku kada a yi wasa da su. Tukunya ta kasance ta kusa cika, don 'yar miya a babbar tukunya saurin hucewa take. Murfi ya zauna sosai, a hana yara leƙawa, kowace buɗewa zafi ne ya tafi. Idan aka buɗe aka ga tururi bai taso ba, ko abincin ya wuce awa biyar zuwa shida a ciki, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a zuba wa kowa, in kuma ya huce sarai na tsawon lokaci kada a ci. A riƙa shanya matasan a rana don kada laima ta zauna musu. Wadda ke son mai kyan gani, na sawa cikin kayan amarya, ta kai wa telanta ragowar atamfa da tsohon soson katifa da awon tukunyar da ta fi girki da ita, ya ɗinka mata jaka mai zuge a baki da matashin rufi.