Tumatir mai launin shunayya da makomar zoɓonmu

A watan Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta wani jan launi na sinadari mai suna Red No. 3, wanda ake zubawa a alewa da kek, ta kuma ba kamfanonin abinci wa'adi zuwa Janairun 2027. Dama masu saye sun daɗe suna ƙyamar launin da aka haɗa daga man fetur, shi ya sa kamfanoni suka bazama neman launi a jikin tsirrai. Sai dai tsiro kaɗan yake bayarwa, ga tsada.

Wannan giɓi ne masu sauya ƙwayoyin gadon tsirrai ke son cikewa. A 2008 Farfesa Cathie Martin da abokan aikinta na cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila suka ɗauko ƙwayoyin gado biyu daga furen snapdragon suka dasa wa tumatir. Shi tumatir yana da ikon yin sinadarin antosayanin, amma ikon a kulle yake a cikin 'ya'yansa. Waɗannan ƙwayoyi biyu suka buɗe shi, sai ya nuna da launin shunayya ciki da waje. Sai a 2022 ma'aikatar noma ta Amurka ta amince da shi, a 2024 kuma aka fara sayar wa masu lambu irinsa. A 2017 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun sa tumatir da dankali sun yi betalen, wato jan launin gwozar Turawa.

Antosayanin ɗin nan shi ne jan da ke cikin zoɓo, wanda manoman Jigawa da Kano ke nomawa, 'yan kasuwa su loda shi a buhuna zuwa Meziko da Turai. Tarihi ya nuna yadda irin wannan kasuwa ke suɓucewa. Da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na sinadari a 1897, ba a yi shekara ashirin ba noman baba a Indiya ya durƙushe, daga baya rinin kanti ya rage wa marinar Ƙofar Mata ciniki.

Wannan jarida ba ta tare da masu watsi da fasahar don jita-jita kawai. Kowane iri a gwada shi shi kaɗai, hukumar NBMA mai sa ido kan irin wannan fasaha a Najeriya ta bayyana sakamakon a fili, a kuma rubuta wa mai saye abin da yake saye. Abin da ya fi damunmu shi ne har yau ɗanyen zoɓo muke fitarwa, wasu su tace launin su kwashe ribar.

Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, wadda ta fitar da waken SAMPEA 20-T da aka sauya wa ƙwayoyin gado a 2019, tana da ƙwararrun da za su inganta zoɓo, baba da karan dafi. Gwamnatocin Kano da Jigawa su ware mata kuɗin wannan bincike a kasafinsu, su kuma jawo masu zuba jari su kafa masana'antar tace launi kusa da kasuwar Maigatari.