A Daina Kiran 'Ya'yanmu Mata "Mamiwata"

Akwai wata muguwar ɗabi'a da muka tsinta a zamanmu na Kudu, har tana neman zama mana jiki. Yarinya ta cika kyau da tsawon gashi, sai a ce 'yar ruwa ce. Mace ta yi arziki a kasuwa, a ce mutanen ruwa ne suka ba ta. Ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, a ce da cikinta ta biya su. Da irin wannan tsegumi ake fasa aure, ake ƙaurace wa rumfar baiwar Allah.

To, bari mu duba hoton da ake kafa hujja da shi, na mace mai tulin baƙin gashi riƙe da macizai. A birnin Hambug na Jamus aka buga shi, wajen shekarun 1880, a maɗaba'ar Adolph Friedländer. Talla ce ta wata mai wasa da maciji a gaban 'yan kallo a Turai, ko wutsiyar kifi babu a jikinta. A shekarun 1950 wani kamfanin kalanda a Bombai ta Indiya ya sake buga shi da yawa, 'yan kasuwa suka baza shi a Afirka ta Yamma, masu bautar ruwa suka karɓe shi a matsayin kamannin Mamiwata.

Ita kuwa mai wutsiyar kifi, a tsofaffin zane-zanen Turawa za ka gan ta da madubi da mataji a hannu, alamar son kai da yaudara, wai tana jan matuƙan jirgi zuwa halaka. Saƙon ɗaya ne: kyawun mace tarko ne, laifin faɗuwar namiji yana wuyanta. Wannan tunani muke tallatawa a kan 'ya'yanmu da bakinmu.

Ba musun aljanu muke yi ba. Amma wa ya ba mu ikon nuna mace da yatsa mu ce ba mutum ba ce? Rashin haihuwa na da likita, kuma miji da mata ake dubawa. Arzikin 'yar kasuwa kuwa sammako ne da adashe.

Muna kira ga sarakunan Hausawa, limamai da iyaye mata: duk wanda ya furta wannan ƙazafi, a zaunar da shi ya kawo shaida ko ya nemi gafara a bainar jama'a. Zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Allah Ya sa mu gane.