Mutuwa Daban, Rasuwa Daban: Raddi Ga Masu Jingina Hausa Da Turanci

Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Bayan haka, akwai wani ra'ayi da wasu 'yan boko ke yaɗawa a majalisun Gusau game da yadda Bahaushe ke ambaton mutuwa. Hujjojinsu uku ne, ga amsar kowacce.

Ta farko, sun ce faɗin "waya ta mutu" ko "mota ta mutu" aro ne daga Turanci, domin Bature ne ke kiran abin da ya daina aiki matacce. Amsa: wa ya koya wa kakanninmu cewa aure ya mutu, wuta ta mutu, kasuwa ta mutu, ko wane zuciyarsa ta mutu? Babin raya matacciyar ƙasa yana cikin Muhtasar na Halil, wanda malamai ke fassarawa a zaure tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. 'Yandoto ta kusa da Tsafe ta shahara da malanta tun kafin jihadi, ba ta jira Bature ya koya mata magana ba. Don haka mutumin Gusau da ya ce masaƙar garin ta mutu, Hausar gado ya yi. Wayar ce baƙuwa, maganar 'yar gida ce.

Ta biyu, sun ce "rasu" kara ce kawai, ma'anarta ɗaya da "mutu". Wannan kuskure ne. "Rasu" daga "rasa" ta fito, kamar yadda "samu" da "ɗauru" suke, wato tana nuna rashin da masu rai suka yi. Shi ya sa ake cewa "an yi mana rashi". A tambayi makiyayi a Bungudu: saniya ba ta rasuwa, mutuwa take yi, in kuma ba a kai ga yanka ta ba ta zama mushe, cinta ya haramta. Ɗan Adam kuwa gawa ake ce wa jikinsa, a yi masa sutura. Kalmomin da ba sa iya musayar wuri ba za a ce ɗaya suke ba.

Ta uku, sun ce 'yan jarida su tsaya kan "mutu" don kauce wa son kai. To, ai 'yan jarida sun riga sun raba aiki: in ana lissafin waɗanda hatsari ya rutsa da su a hanyar Funtuwa, sai a ce sun mutu, in an ambaci mutum da sunansa, sai a ce Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya, daga nan ya zama marigayi. Wanda ya shiga gidan makoki ya ce "ashe tsoho ya mutu", ba adalci ya nuna ba, rashin tarbiyya ya nuna.

Masu wannan ra'ayi su koma ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko su zauna da tsofaffi, kafin su auna Hausa da mudun wani harshe. Allah ne Masani, ya sa mu cika da imani.