A bar wa yara yashi da inuwa

Duk wanda zai buɗe makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna yau ya san abin da zai fara yi tun kafin ya nemo malamai. Zai sare darbejiyar da ya tarar a filin saboda tana zubar da ganye, ya malale harabar da intalok, ya shafa wa katanga fenti kala-kala, sannan ya girke lilo da abin sulu daidai inda mai wucewa zai hango su ta ƙofa. Iyaye su zo su gani, su ce makarantar nan ta haɗu, su biya. An riga an yarda cewa filin wasa na zamani shi ne wanda yaro zai shiga ya fito farar safarsa tana nan fes. Ni dai ban yarda ba. Irin wannan fili domin idon mai biyan kuɗin makaranta aka yi shi, yaron kuwa ko oho.

A watan Afrilu zafi a Kano kan haura digiri 40, Sakkwato da Maiduguri kuwa sai wanda ya gani. Ƙarfen da ya sha rana tun hantsi, babba ma ba ya iya ɗora tafin hannu a kansa, balle ɗan shekara huɗu ya zauna ya sulalo. Kayan nan an ƙera su ne domin ƙasashen da ake neman rana ruwa a jallo, mu kuma muka kwaso su muka dasa a inda muka sare inuwa. Shi ya sa idan aka tashi tara sai ka ga yara sun cunkushe a baranda, kayan wasan suna can suna gasuwa su kaɗai. Wanda ya fita ya yi tuntuɓe a kan intalok kuma, sai ɗinki a goshi. Da a yashi ya faɗi, karkaɗe riga zai yi ya ci gaba.

Ko da babu rana, abin sulu aiki ɗaya yake yi: a hau, a sulalo, a sake hawa. Tulin yashi kuwa yau tuwon ƙasa ne, gobe rijiya, jibi gari guda da ganuwa da ƙofofi. Karan dawa ya zama mota, kututture ya zama doki. Langa da 'yar gala-gala da carafke ba su taɓa neman komai ba sai ƙasa da 'yan duwatsu. Yaro ne ke yanke abin da wurin zai zama, su yi gardama, su shirya, su kafa doka da kansu. Wannan karatu ne da allo ba ya bayarwa.

Waɗanda muke kwaikwayo sun daɗe da gane haka. Wani mai tsara lambuna ɗan ƙasar Denmak, Carl Theodor Sørensen, ya lura yara sun fi son kangaye da wuraren da ake gini a kan filayen da aka ƙawata musu. A 1943 aka buɗe fili bisa shawararsa a unguwar Emdrup ta Kofenhagen, aka zuba katako da bulo da tsofaffin kaya, aka bar yara su gina abin da suka ga dama. Daga 2018 birnin Faris ya fara fasa kwaltar harabar makarantu yana dasa itatuwa saboda tsananin zafi. A Finlan kuma, binciken da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa da aka shimfiɗa ƙasar daji da ciyawa a harabar wasu gidajen renon yara, cikin kwana 28 aka ga sauyi mai kyau a garkuwar jikinsu. Su suna kashe kuɗi su fasa daɓe, mu muna cin bashi mu zuba.

Za a ce kunama fa, da tsutsar ciki, da karaya? Gaskiya ne, yashin da akuya da kyanwa ke kwana a kai cuta ne. Maganinsa shinge da shara da sauya yashin lokaci-lokaci, kuma kada a bar ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Duka wannan bai kai kuɗin intalok ba. Batun faɗuwa kuwa, reshen mangwaro da ke kusa da ƙasa haɗari ne da yaro ke gani da idonsa, ya auna ƙarfinsa, ya hau ko ya fasa. Sarƙar lilo da tsatsa ta cinye ba ya ganinta sai ta tsinke da shi, kuma kowa ya san ba a duba kayan nan bayan ranar da aka ɗauki hotonsu.

Akwai dalilin da ba a faɗa a fili. A makarantun gwamnati, kayan ƙarfe da roba kwangila ce, ana yanka ƙyalle a buɗe su, wani ya samu kaso. Dashen tsamiya ba ya kawo kaso, kuma kafin ta yi inuwa, wanda ya ba da aikin ya sauka daga kujera.

Masu duba makarantu na ma'aikatun ilimi su sa itatuwan inuwa da fili mai yashi cikin sharuɗɗan ba da lasisi, kamar yadda ake neman ban-ɗaki da ruwan sha. Ku kuma iyaye, idan kun je neman wa yaro gurbi, ku je da tsakar rana, ku ce a nuna muku inda zai yi wasa, ku taɓa ƙarfen da hannunku kafin ku biya.