Ra'ayinmu: Matambayi Ba Ya Ɓata

Ran 29 ga watan Janairu na shekarar 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata. An sha muhawara a kan wannan mataki, amma akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato ɗan Nijar mazaunin Abijan ko Kumasi ko Kwatano ko Ikko, mai kanti da iyali da bashi a hannun mutane. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba shi ikon shiga waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba, har ya yi kwana 90. Gaskiya ne ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku kafin a yanke wata shawara. To amma abin da dā yake hakki ya koma alfarma, alfarma kuwa mai ita yana iya janye ta ranar da ya ga dama.

Dattawanmu ba su manta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su tattara nasu ya nasu. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, aka sake maimaitawa a 1985. Mutanen Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso na cikin waɗanda guguwar ta kwaso. Wanda ke da takarda ingantacciya yana da abin kamawa, ko ya sayar da kadararsa ko ya wakilta wani. Wanda ya dogara ga alkawarin baka, ya bar gumin shekara ashirin a hannun wanda bai sha wahalarsa ba.

Mu a wannan jarida muna ganin darasin a fili yake: baƙo yana bukatar shawarar lauya tun kafin ya sa hannu a takarda, tun kafin kuɗi su fita daga aljihunsa. Dalili kuwa shi ne kowace ƙasa tana da dokokin da ta keɓe wa baƙi, kuma ba a karanta su a tashar mota. A Kwaddebuwa, dokar filayen karkara ta 1998 ta ce ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya mallakar irin wannan fili, saboda haka manomin da ya biya kuɗin gona ya yi zaton ya saya, a idon shari'a bai mallaka ba. A Gana, tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar fili har abada, iyakarsa haya ta shekara 50. Dokar zuba jari ta 2013 kuma ta keɓe wa ƴan Gana cinikin sayar da ɗai-ɗai a cikin kasuwa, ta ɗora wa baƙon da ke son fatauci jarin dalar Amurka miliyan guda. Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu sai suka riƙa rubuta kanti da sunan wani ɗan gari. Ranar da amana ta lalace, ko mai sunan ya rasu magada suka taso, alƙali sunan da ke rubuce zai duba.

Ko wannan ficewa tamu ba ta shafi kowa daidai wa daida ba. Nijar ba ta bar UEMOA ba lokacin da ta bar CEDEAO, kuma yarjejeniyar UEMOA ta 1994 ta tanadi ƴancin zirga-zirga da zama a ƙasashe irin su Kwaddebuwa da Benin da Togo. Haka nan waɗannan ƙasashe suna bin dokokin kasuwanci na OHADA kamar mu. Gana da Najeriya ba su cikin ko ɗaya. Alhajin da ke da kaya a Lome da Kano, kenan, ƙafafunsa biyu suna kan shari'a biyu dabam. Wa zai warware masa wannan in ba masanin doka ba?

Sai maganar wanda tsautsayi ya kai shi hannun ƴan sanda. Yarjejeniyar Biyana ta 1963, a sashe na 36, ta ce baƙon da aka tsare yana da hakkin a sanar da ƙaramin jakadan ƙasarsa idan ya nema, jakadan kuma yana da ikon ziyartarsa da nema masa lauya. Matasanmu nawa ne masu cin rani a Aljeriya da Libiya suka taɓa jin wannan? Nawa ne suka dangwala yatsa a kan takardar da aka rubuta da harshen da ba su ji, ba tafinta, ba shaida?

Za a ce lauya tsada gare shi, kuma muna da mai masauki da sarkin zango. Ba mu raina waɗannan bayin Allah ba, su ne suka riƙe zumuncinmu a kurmi tun zamanin fataucin goro. Amma sulhunsu yana aiki ne tsakanin waɗanda ke jin nauyinsu. Banki da duwan da kotu ba su san da zaman sarkin zango ba. Wanda ke iya loda tirela da kaya na miliyoyin sefa bai kamata ya ji ƙyashin ƴan jikunan da zai biya a karanta masa yarjejeniya ba. Sai dai a yi hattara da ƴan damfara masu yawo da jaka a bakin kotu: lauyan gaskiya sunansa yana cikin rajistar ƙungiyar lauyoyin ƙasar, kuma yana ba da rasit.

Saboda haka muna kira ga mahukunta. Tun 2011 Nijar ta kafa hukumar ANAJJ domin taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a a cikin gida. Ƴan ƙasa na waje su ma sun cancanci irin wannan kulawa. Ya kamata kowane ofishin jakadancinmu da ke inda ƴan Nijar suka yi yawa ya ɗauki lauya ɗan ƙasar, ya keɓe ranar sauraron jama'a, a kuma bayyana dokokin zama da na ciniki da Hausa da Zabarmanci. Ma'aikatan da aka tura can da kuɗin talaka, aikinsu ya wuce tarbar manyan baƙi a filin jirgi. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, da suka saba haɗa kuɗin biki da na jana'iza, su buɗe asusun shari'a. Cibiyar ƴan kasuwa ta ƙasa kuma ta riƙa faɗakar da mambobinta duk lokacin da wata maƙwabciya ta sauya doka.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin tafiya, ko kai ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da aka tura ƙaro ilimi, ka sabunta fasfo, ka yi rajista a ofishin jakadanci, ka rubuta kowane bashi a gaban shaidu, ka bar kwafin takardunka a gida. Ka tambaya tun kana da zaɓi, domin da-na-sani ƙeya ce.